Yaron da ke ƙara baƙi da kawunsa mai jan ƙafa: muhawarar zauren iyayen Gombe kan cutar ALD

Maman Hanif, Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar cikinmu. Ɗan yayata ne, shekararsa 7. Tun bara yaron nan yake ƙara baƙi, shi da yake wankan tarwaɗa. Mun ɗauka rana ce da yawon ƙwallo, to amma har dasashinsa ya yi duhu, da layukan tafin hannunsa, tabon da ke gwiwarsa ma ya koma baƙi ƙirin. Zazzaɓi kaɗan ya taɓa shi sai amai, ya yi laushi ko zama ba ya iyawa, sai an yi masa ƙarin ruwa yake farfaɗowa. Kullum maganar ɗaya ce, maleriya da taifot. Yanzu kuma malamarsu ta kira uwar ta ce rubutunsa ya lalace, yana haure layi, a kira sunansa ya yi kamar bai ji ba, yaron da ke cikin na gaba-gaba a aji. Wata likitar yara ta ce a yi gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa, ta ambaci wata cuta wai ALD. Mijin Yaya ya ce ba zai zuba kuɗi a kan sunan da bai taɓa ji ba. Akwai wanda ya san ta?

Hajiya Babba, Bolari: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. 'Yata, ku haɗa da addu'a da tofi, yaran yanzu baki ya yi musu yawa.

Baban Ilham: Amin. Ni dai na san taifot idan ba a kashe ta da kyau ba tana dawowa. Ku canja asibiti kawai.

Dakta Binta: Maman Hanif, sannu da ƙoƙari. Ba zan sa wa yaron da ban gani ba sunan cuta ta waya, amma na gane abin da abokiyar aikina ta hango. Kafin in yi bayani ki amsa mini wannan. A ɓangaren mahaifiyarku, ba na mahaifinku ba, akwai namijin da ƙafafunsa suka sandare yana matashi? Ko yaron da ya taso lafiya lau, daga baya gani da magana suka ɗauke har ya rasu?

Maman Hanif: Innalillahi. Dakta, yayanmu namiji, wanda yayata ke bi. Shekararsa 34. Yana jan ƙafa, takalminsa duk ta gaba yake cinyewa, matakalar masallaci sai ya dafa bango, fitsari kuma idan ya matso ba ya jira. An ce sanyin ƙashi, an ce sammu, an sha magani har an gaji. Na kira Inna yanzu, ta ce tana da ƙane da ya makance yana ɗan makarantar allo a Dukku, bai daɗe ba ya rasu. Aka ce aljanu ne suka shafe shi.

Dakta Binta: To ki zauna ki karanta a natse.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ake kira adirinal. Ita ke fitar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukarin jiki, musamman lokacin zazzaɓi ko rauni ko tiyata. Idan ta gaza, ƙwaƙwalwa takan yi ta aiko mata saƙon ta tashi ta yi aiki. Saƙon nan, ACTH, shi ne idan ya yi yawa a jini yake rina fata. A farar fata abin a fili yake. A tamu kuwa sai an buɗe baki an duba dasashi da harshe, an duba tafin hannu da tsofaffin tabo, wato wuraren da kika lissafa da kanki. Wani likitan Ingila, Thomas Addison, shi ya fara bayanin wannan gazawa a 1855, har yau da sunansa ake kiran ta.

Abubuwa da dama kan kashe adirinal, a ƙasashenmu tarin fuka na cikin na gaba. Amma yaro namiji, ga alamun adirinal, ga karatu yana komawa baya, ga kawu mai sandararrun ƙafafu, dole likita ya kawo ALD, wato adrenoleukodystrophy, a ransa. Cuta ce ta gado. Akwai wani nau'in kitse mai doguwar sarƙa da jiki ke narkarwa kullum ba tare da mun sani ba. Mai wannan cuta, ƙwayar gadon da ke kula da aikin, ABCD1, ta samu tangarɗa, sai kitsen ya yi ta taruwa a adirinal da laka da ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin saƙo suna da rufi kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Rufin nan ne ke zagwanyewa, saƙo ya daina isa inda aka aike shi.

Fuskokinta uku ne, kuma a gida ɗaya ana iya samun duka. Wani adirinal ɗinsa kawai za ta taɓa. Wani sai ya kai shekara 20 zuwa 30 da wani abu ta kama masa laka, ƙafafu su yi ta sandarewa a hankali. Mafi muni ita ce ta ƙwaƙwalwar yara, wadda ke kama kusan ɗaya cikin uku na yaran maza masu ɗauke da ita, yawanci tsakanin shekara 4 da 10. Takan fara da abin da malamar nan ta gani.

Malam Sani, Tudun Wada: Ai mun sha faɗa. Auren zumuncin nan shi ke jawo mana irin waɗannan, kamar dai sikila. A daina haɗa ɗan wa da 'yar ƙane an ƙi ji.

Dakta Binta: Malam, a wannan karon auren zumunci ba shi da laifi. Sikila sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa, kuma ita ma ba sai 'yan uwa ba, bare da bare ma suna haifa. ALD a kan kuromosom X take, wato ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da ke bambanta mace da namiji. Mace na da X biyu, namiji ɗaya, kuma nasa daga uwa yake samu. Uwa mai ɗauke da ita, kowane cikin namiji rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira, haka ma kowace 'ya mace. Namiji mai cutar ba ya ba ɗansa namiji ko kaɗan, amma duk 'ya'yansa mata sai sun ɗauka. Ko daga Sin aka auro mijin, lissafin bai canja ba.

Malam Sani: To ashe daga mata take.

Anti Ladi, nas, Kaltungo: Malam Sani, ka ga irin maganar da nake tsoro ke nan. Gobe sai a ji dangin miji sun ce ita ta kawo musu cuta gida. Ita wa ya tambaye ta kafin a ba ta? Kuma ba ka karanta ƙarshen bayanin ba, uba ma yana ba 'ya'yansa mata, su kai wa jikokinsa.

Malam Sani: Ban ce laifinta ba ne Anti, fahimta nake.

Baban Ilham: Dakta, da girmamawa, bari in yi tambayar da mijin yake yi a zuciyarsa. Na duba a intanet, an ce ba ta da magani. Kuma a duniya ma mutum ɗaya ne cikin wajen 17,000. Mutum yana fama da kuɗin makaranta da na masara, ya sayar da fili a yi hoto, a aika jini waje, ƙarshe a ce masa ga sunan cutar, je ka gida. Me ya ƙaru da shi ban da baƙin ciki? Wani lokacin a bar kaza cikin gashinta ya fi.

Dakta Binta: Tambayar a kan hanya take, amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ɓangaren adirinal yana da magani, kuma ba na sayar da fili ba ne. Ƙwayar haidirokotizon ce, a sha kullum, ta maye gurbin abin da jiki ya kasa yi. Yaron da adirinal ɗinsa ya gaza ba a sani ba, zazzaɓin damina ɗaya na iya tafiya da shi a dare guda, jini ya faɗi, sukari ya faɗi, a ce maleriya ce ta hau kai. Laushin nan da yake yi har sai an yi ƙarin ruwa, ni shi ya fi tayar mini da hankali yau, ya fi hoton gaggawa. Gwajinsa jini ne da ake ɗiba da misalin ƙarfe 8 na safe, lokacin da kotisol ke kan ganiyarsa, a haɗa da ACTH da gishirin jini da sukari. Wannan a yi shi cikin makon nan.

Alƙaluman da ka kawo kuma na jama'a gaba ɗaya ne. A gidan da aka riga aka samu, maganar ta koma rabi da rabi.

Famasis Auwal, Pantami: Bari in sa baki a nan, don na san abin da zai biyo baya. Za a kai ƙwayar gida wata ta ce ai dangin sha-ka-fashe ce, kar a ba yaro. Gaskiya ne gidansu ɗaya da abin da 'yan mata ke sha don ƙiba, amma su suna ɗura wa jikin da ba ya buƙata ne, shi kuwa cike masa giɓi ake yi daidai awo. Abu biyu nake roƙo. Kar wanda ya karanta wannan ya je kemis ya saya wa ɗansa don ya ga ya yi baƙi, shan ta kafin gwaji yana rikita sakamakon. Kuma wanda aka ɗora a kai ba ya dainawa don ya ji sauƙi. Ranar zazzaɓi ma ƙara masa ake yi yadda likita ya tsara, idan amai ya hana ta zama sai allura, ba jira sai gari ya waye.

Anti Ladi: Ku sa likita ya rubuta muku 'yar takarda da sunan ciwon da abin da za a yi in an kawo shi a galabaice. Uwar ta sa a jaka, a ajiye ɗaya a makaranta. Wanda ke aikin dare a ƙaramin asibiti bai san tarihinsa ba, maganin maleriya zai ɗaura masa.

Baban Ilham: Na yarda da na adirinal. Na ƙwaƙwalwar fa? Nan ne kuɗin yake.

Dakta Binta: Nan ba zan yi maka daɗin baki ba. Abin da aka tabbatar yana tsayar da ita shi ne dashen ɓargo, wanda likitocin Faransa suka ba da rahoton nasararsa tun 1990, shekara 3 kafin a gano ƙwayar gadon kanta a 1993. Sharaɗinsa mai tsauri ne, sai an yi shi da wuri. Masu karanta hoton ƙwaƙwalwa na MRI suna da ma'auni daga 0 zuwa 34 na yawan ɓarnar da ta auku. Dashen ya fi amfani idan makin bai wuce 9 ba, yaron kuma bai fara nuna alamu sosai ba. Idan gani da ji da tafiya sun riga sun tafi, dashe ba ya dawo da su, yana ma iya ƙara wahala. Kuma ko an yi, adirinal ba ya gyaruwa, shan haidirokotizon yana nan.

A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Benin a 2011 saboda masu sikila, amma aiki ne mai tsada ƙwarai, ga neman wanda ɓargonsa ya dace. A Amurka an amince da wani maganin gyaran ƙwayar gado a 2022, kuɗinsa ya fi ƙarfin tunaninmu, kuma an samu yaran da ya jawo wa sankarar jini.

To me ya sa duk da haka nake cewa a gwada? Maman Hanif, yaron yana da ƙanne maza?

Maman Hanif: Yana da ƙane ɗan shekara 3. Ni ma nawa biyu ne maza, Hanif shekararsa 5.

Dakta Binta: Ka ji amsarka, Baban Ilham. Hoton MRI yana nuna cutar tun kafin uwa ko malama su ga komai. Shi ya sa yaron da aka san yana ɗauke da ita ake masa hoto duk wata 6 daga shekara 3 zuwa 12, ana kuma bibiyar adirinal ɗinsa. Dalilin da ya sa jihar New York ta fara gwada jarirai tun daga haihuwa a ƙarshen 2013 ke nan, Amurka ta sa shi cikin jerin gwajin jarirai na ƙasa a 2016. Mu ba mu da wannan. Abin da muke da shi shi ne yaron farko da ya kwanta, da kakar da ke tuna waye ya rasu da me.

Baban Ilham: Hoto duk wata 6 har tsawon shekara 9, a Gombe? Dakta, wannan tsarin masu inshora ne. Kuma in an gani a hoton, kuɗin dashen daga ina?

Dakta Binta: Ban ce kowa zai iya ba. Akwai gidan da za su tsaya a kan ƙwayar adirinal kawai, kuma ko ita kaɗai ta ceci rai. Akwai gidan da dangi za su haɗa hannu. Amma su za su zaɓa, bayan an gaya musu gaskiya. Ba ni da hurumin in yanke wa mutum cewa talaka ne don haka kar ya sani.

Ummu Sudais, Tumfure: Na taɓa jin wani mai da ake haɗawa da man zaitun don wannan ciwon. Ba za a gwada zaitun da habbatus sauda ba kafin nan?

Famasis Auwal: Man Lorenzo kike nufi. Iyayen wani yaro ne a Amurka, Augusto da Michaela Odone, suka fito da shi a shekarun 1980 saboda ɗansu. Sinadarai biyu ne da aka tace, ɗaya daga zaitun, ba man zaitun na kanti ba. Yana sauke kitsen a jini, amma ba a tabbatar yana tsayar da ciwon ƙwaƙwalwar da ya riga ya fara ba. Ku ci zaitun ɗinku, kar dai ya sa a ɗaga zuwa asibiti.

Hajiya Babba: Ni duk na ji bayanin likita, Allah Ya saka. Amma ku yara ba ku hango abin da nake hangowa ba. Gidan nan akwai 'yan mata. Ranar da magana ta fita cewa suna haifar maza masu ciwo, wa zai zo neman aurensu? Garin nan ƙarami ne. A yi wa yaro magani, a rufa asiri, kar a bi dangi gida-gida ana ɗibar jini.

Anti Ladi: Hajiya, ranki ya daɗe, asirin da za a rufa har yaron ƙanwarta ya faɗi a makaranta ba a san dalili ba?

Hajiya Babba: Ke ba ki aurar da 'ya ba tukuna, Ladi.

Malam Sani: Hajiya tana da hujja, mutanenmu ba su iya riƙe magana ba. Amma ɓoye aibin da ka sani a wajen aure shi ma malamai sun yi magana a kai. Yanzu ba ga shi ana gwajin jini kafin ɗaurin aure ba, da farko wa ya yarda?

Dakta Binta: Hajiya, tsakanin shela a gidan biki da yin shiru akwai hanya. Ba duk dangi abin ya shafa ba, layin Inna ne kawai, 'ya'yanta, da 'yan uwanta mata da zuriyarsu, da 'yan uwanta maza da 'ya'yansu mata, sai 'ya'ya matan yayan nasu in yana da su. A kira su ɗaya-ɗaya a ɗaki. Yara mata ƙanana ba gaggawa, a bari su girma su yanke da kansu, don mace da wuya ƙwarai ta samu na ƙwaƙwalwa ko na adirinal. Abin da kan same ta sai shekaru sun ja, nauyin ƙafa da matsalar riƙe fitsari, wanda mu kan ce tsufa ne ko yawan haihuwa. Maza ƙanana su ne ba sa jira. Kuma ki tuna rabin 'yan matan nan ba sa ɗauke da komai. In ba a gwada ba, ranar da maganar ta fita da kanta duka za a yi wa kuɗin goro.

Hajiya Babba: Allah Ya kyauta. Ni dai na faɗi nawa.

Maman Hanif: Salam 'yan zaure, na dawo da bayani. Na tura wa mijin Yaya duk abin da aka rubuta a nan, ya yarda aka yi na safen. Kotisol ya yi ƙasa sosai, ACTH ya hau. An ɗora shi a kan ƙwayar, an ba su takardar da Anti Ladi ta ce. Yana cin abinci yanzu, har ya nemi ƙari. An rubuta musu hoton, sai gwajin kitsen nan a jini da aka ce waje ake aikawa. Yaya namiji kuma ya ce shi a ƙyale shi, ya gaji da asibiti.

Dakta Binta: Alhamdu lillahi. Kar jin sauƙin nan ya sa a yi sanyi da hoton, ƙarfin jiki daban, abin da malama ta gani daban. Kuma har yanzu ba a tabbatar ALD ba ce. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da kan biyo bayan ƙyanda da shekaru, shi ma da lalacewar karatu yake farawa, likitarsa za ta duba wannan da tarin fuka. Gwajin kitsen ne zai raba gardama. A takarda za ku ga an rubuta VLCFA. A ɗibi jinin da safe kafin ya karya, kuma a ɗaga masa ƙafa da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli kafin ranar, don gyaɗa na ɗaga wannan kitsen a jini ta ba da sakamakon ƙarya. Ku bi ta sashen yara na asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe, ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi in can ya fi muku, su san yadda za a aika.

Yayanku kuma ku lallaɓa shi ko na safen nan ya yi. Yawancin maza masu wannan cuta adirinal ɗinsu kan gaza ko ba jima ko ba daɗe, kuma gashin ƙashi da maganin sassauta jijiya suna rage masa wahalar tafiya.

Maman Hanif: Dakta, ni fa? In fara gwada kaina ne ko su Hanif? Kuɗin ba zai kai duka ba.

Dakta Binta: Ki jira na ɗan yayarki ya fito tukuna. In ya tabbata, su Hanif za a fara yi wa na kitsen, don a jikin namiji gwajin ba ya ɓuya. A mace kuwa, wajen 15 cikin 100 na masu ɗauke da ita sakamakonsu kan fito lafiya lau, sai ki saki jiki a banza. Ke gwajin ƙwayar gado ne naki, kuma ya fi sauƙi idan an riga an gano ainihin tangarɗar gidanku a jikin yaron, sai a nemi ita kaɗai. Kafin nan ki buɗe bakin yaranki ki duba dasashi a hasken rana, kuma duk wanda zazzaɓi ya kayar da shi fiye da ƙima ki gaya wa likitan da ke gabanki abin da ake bincike a gidan.

Baban Ilham: Maman Hanif, in kun samu farashin hoton da na aiken jinin ki turo wa admin. Har yanzu ina da ja a kan maganar duk wata 6, amma na wannan karon a buɗe asusu, zan fara.